Ba A Ƙirga Uku Ba

Ranar da labarin ya iso mata, tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata riga. Yamma ta yi, shinkafa na kan wuta, har ta fara jin ƙaurin kamun tukunya, amma ta ce bari dai ta ƙarasa wannan layin. Sai aka buga ƙofa. Ba bugun maigidanta ba ne. Shi da ƙafa yake bugawa, don bai taɓa shigowa gida hannu sake ba.

Ticha ne, abokin mijinta, malamin firamare. Mutumin da ko shago zai leƙa sai ya goge takalmi, ga shi tsaye ƙafa ɗaya da silifa, ɗaya babu.

"Maman Auta, ki sako mayafi. Guduma ba ya jin daɗi, an kai shi asibiti."

Ta kalli ƙafarsa, ta kalli fuskarsa.

"Ticha, ni ba yarinya ba ce. Faɗa mini."

Ya sunkuyar da kai. "Sai haƙuri."

Ba ta yi ihu ba. Ta koma ciki ta sauke tukunya, ta kashe wuta, sannan ta zauna a ƙasan kicin. A asibiti likita ya ce zuciya ce ta tsaya, lokaci ɗaya, kamar an kashe fitila. Ta ji shi, ta gyaɗa kai, ta sa hannu inda aka ce ta sa.

Mijin nata mai walda ne. Ƙofofi yake yi, da gadaje, da kejin janareto. Guduma ake ce masa saboda damtsensa, amma mutum ne da ko kyankyaso ya gani a banɗaki sai ya kira ta. Ba ya shan taba, ba ya yawo. Abu ɗaya ne ya ɗauke masa hankali a duniya, resilin, kokawar nan ta talabijin da ƙarti ke sa ɗan kamfai suna jifan juna da kujeru.

"Ƙarya ce fa zalla," haka take ce masa. "Wa za a maka wa kujera a ka ya tashi yana gyara gashi?"

"Ke ɗin da kike kuka in an rabu a fim, gaske ne?"

A shagon Mai Aski suke kallo, a bakin titi. Na kowane mako ba ya damun kowa, amma in babban wasa ya zo, wanda tashar ba ta buɗewa sai an biya na musamman, sai su yi karo-karo, a rufe aski da wuri, a jera benci. Kowa da gwaninsa. Mai Aski na bayan wani mai sheƙin gashi da suke kira Ɗan Gayu, shi ke riƙe da bel ɗin zakara. Shi kuwa Guduma, ya rasa wanda zai so sai wani dattijo mai furfura a gemu, gwiwarsa ɗaure da bandeji, wanda kullum shi ake kayarwa. Tsoho suke ce masa.

"Me ka gani a jikinsa?" ta taɓa tambayarsa.

"Gwiwarsa irin tawa ce. Kuma ko an kayar da shi, gobe sai ya dawo."

Akwai wani wasa da Guduma yake yi wanda duk unguwa ta sani. A resilin, in an danne mutum, alƙali kan bugi ƙasa sau uku, in bai ɗaga kafaɗa ba kafin na ukun, ya faɗi ke nan. To duk lokacin da aka gama karawa, sai Guduma ya miƙe ya kwaikwayi wanda aka kayar, ya yi tangaɗi, ya zube a tsakiyar shagon, ƙaton mutum da jikoki. Ticha ya durƙusa ya bugi siminti, ɗaya, biyu. Kafin na uku sai Guduma ya wuntsila kafaɗa sama ya ce, "Da saura!" Shago ya kaure da dariya.

Har gida ya kawo wannan shirme. Mutum ne mai nauyin barci, in ta tashe shi da safe sai ya juya baya. Wata rana haushi ya sa ta bugi katifa a gefen kansa, ta ce ɗaya, ta sake buga ta ce biyu, sai ga kafaɗa ta tashi, ido a rufe, yana cewa, "Da saura." Tun daga nan ya raɗa mata Alƙaliya, kuma tun daga nan da haka take tashinsa. Yara suka girma suna jin wannan bugun ta bango.

Ana cikin zaman makoki ne maganar ta faɗo kunnenta. Tana bayan labule tana neman mayafi, sai ta ji matar da ke sayar da lemo a tsallaken shagon askin tana ba wata labari ƙasa-ƙasa.

"Wallahi da kunnena na ji su. Bawan Allah na kwance a ƙasa, su kuwa sai shewa da tafi. Har da mai ƙirga masa, ɗaya, biyu, uku. Sai da suka gama dariyarsu sannan aka nemi mota."

Ta tsaya da mayafin a hannu. Mutuwar ta karɓa, kowa da ranarsa. Amma wannan ta kasa karɓa. Ashe yana kwance cikin gashin mutane yana neman numfashi, abokansa na tafi? Ya kira wani? Ya kira ta? Ya daɗe yana jira a gane ba wasa yake ba? Daga ranar, duk lokacin da ta so tuna dariyarsa, sai ta gan shi a ƙasan shago yana miƙa hannu. Mutumin da ta zauna da shi tun tana da ƙuruciya, yanzu ba ta iya tuna shi ba tare da zuciyarta ta yi zafi ba. Gefen gadonsa ma ta tara masa yadudduka don kada idonta ya sauka a wurin.

Abokan ba su daina zuwa ba. In sun yi sallama, daga ciki take amsawa, a taƙaice. Suka kawo buhun shinkafa da galan ɗin mai, ta sa Auta, 'yarta ta ƙarshe da ke aiki a kantin magani, ta mayar musu. Famfon tsakar gida ya fara zuba, da ta dawo daga kasuwa ta tarar an gyara. Ba ta tambayi wanda ya gyara ba, don kada ta yi godiya.

"Mama, ki tambaye su mana," in ji Auta. "Baba Ticha duk ya rame. Ki ji daga bakinsu."

"In tambaye su me? Wa zai ce mini eh, muna dariya ya cika?"

Haka aka yi ta tafiya, har Direba ya dawo. Shi ma ɗan bencin ne, amma babbar mota yake ja, yakan yi wata da watanni a hanya, kuma ba ya gari ranar da abin ya faru. Shi kaɗai ta bari ya shigo. Ya zauna a bakin tabarma, hula a gwiwa, ya yi gaisuwa, ya share ido da bayan hannu.

"Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, ko hoton ƙarshen ban gani ba. Na roƙi Mai Aski har na gaji, ya ce ba zai turo ba."

"Wane hoto?"

"Na kallon mana. Ai in ba na nan, sai su jingina waya a saman madubi ta ɗauke su suna kallo, su turo mini. Ni wasan ma bai dame ni ba, haukarsu nake so in gani. Ranar ma sun ɗauka."

Ya ga yadda ta kafe shi da ido, sai ya gane ya yi suɓutar baki. Ya fara kame-kame. Ta ce ya sha ruwansa.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta nufi titi. Sau dubu ta wuce shagon nan, ba ta taɓa sa ƙafa ciki ba. Ɗaki ne ƙarami, madubi ya cinye bango ɗaya, ga kujerar aski mai juyawa an ɗaure hannunta da roba, ga warin sifirit da hoda. Bencin na jingine a tsaye. A kusurwa, an lulluɓe talabijin da ƙyallen da ake yafa wa masu aski. Ranar ba makaranta, Ticha na zaune da jarida a hannu.

Mai Aski na tsakiyar yi wa wani gyaran fuska, ya hango ta a madubi, injin ya mutu a hannunsa. Ƙanin Guduma ne a wajen abota, da can in ya gan ta "matarmu" yake ce mata, ta ce masa ya fara sayen sabulu tukuna. Yau bakinsa ya kasa.

"Yaya... sannu da zuwa. Da kin aiko ai da mun zo."

"Gama masa askinsa," ta ce.

Ya gama a gaggauce. Mutumin ya biya ya fita da rabin gashin baki bai daidaita ba.

"Wayar nake so in gani."

Suka kalli juna. Ticha ya cire tabarau.

"Maman Auta, mu kanmu ba mu kalla ba. Mai Aski ya kasa gogewa, ya kasa buɗewa. Don Allah ki bar shi."

"Ticha, kullum ina kallonsa a kaina, kuma wanda nake gani ya fi kowane muni. In ma haka ne, gara in sani."

Mai Aski ya kakkaɓe kujerar askin, ta zauna. Ya jawo ƙofa, ya jingina wayar a jikin gwangwanin hoda, ya danna.

Ga mijinta nan. Yana tsakiyar benci, ya cinye wurin mutum biyu, sanye da rigar da ta ɗinka masa mai aljihu a ƙirji, wadda tartsatsin walda ya huda wa hannu. Ba a ganin talabijin ɗin, sai hasken da yake watsawa a fuskokinsu, da ihun 'yan kallo na can. Ta dafe hannun kujera.

"Direba, kana ji?" in ji Guduma, yana nuna wayar da yatsa. "Yau za ka yi da-na-sanin tafiya. Yau Tsoho zai karɓi bel."

"Bel ɗin wando ko?" in ji Mai Aski na cikin wayar. "Yaya Guduma, mutumin nan fa hawa dandalin ma sai da ya huta sau biyu."

"Naka kuma ya zo da man kitso. Kokawa aka zo yi ko biki?"

"Ku yi mana shiru," in ji Ticha. "Bature na bayani."

"Kai ma ba ji kake ba, Ticha, gyaɗa kai kawai kake."

Dariya ta ɓarke. Ita ma, a kan kujerar aski, sai ta ji leɓenta ya motsa. Ta manta haka muryarsa take in yana tsokana, da ɗan karkacewa a ƙarshe.

Aka fara. Ta ga yadda suke kallo da jikinsu duka. In an maka Tsoho da ƙasa, Guduma ya dafe bayansa kamar shi aka maka. Wani mai gyaran agogo da ke gefe yana ta cewa, "Alƙalin nan an saye shi! Ku duba, ya juya baya da gangan!" Mai Aski ya hau kan kujera yana kaɗa tawul. Can sai fuskar Guduma ta canja.

"Gwiwar! Ya kama masa gwiwar, mugu ɗan mugu! Tashi, Tsoho! Tashi don Allah, kada ka ba ni kunya a gaban yara!"

"Ya gama," in ji Mai Aski. "A kira masa jikokinsa."

Sai aka yi tsit. Bakuna suka buɗe. Guduma ya miƙe a hankali, hannu biyu a ka. Ihun talabijin ya cika wayar har tana ƙara, su kuma duk shagon, har da Mai Aski da gwaninsa ke ƙasa, suka haɗa baki: "Ɗaya! Biyu! Uku!"

Ta runtse ido ta buɗe. To ga ukun da mai lemo ta ji. Na talabijin ne. Mijinta na tsaye da ƙafafunsa, yana tsalle da gwiwar da kullum take shafa wa man zafi.

Ba ta taɓa ganinsa cikin irin wannan murna ba, ko ranar da aka haifi ɗansu na fari sai da ya ɗan yi kawaici. Ya rungumi Ticha ya ɗaga shi sama, takalmin Ticha ɗaya ya fice. Ya sumbaci Mai Aski a tsakiyar ka. Ya matso gaban wayar har fuskarsa ta cika ta, hawaye da dariya a haɗe.

"Direba, ka gani? Na faɗa ko ban faɗa ba? Bari in je gida. Yau Alƙaliya sai ta ɗaga hannuna sama. Za ta ce ƙarya ce, amma sai ta ɗaga. Matar nan, bakinta ne kawai, wallahi ba irinta."

Ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta.

"A yi mana faɗuwar Ɗan Gayu!" in ji mai agogo. Saura suka ɗauka, "A yi! A yi!"

Guduma ya gyara gashin da ba shi da shi, ya yi yanga, ya yi tangaɗi, ya kwanta a tsakiyar shagon yana ƙyalƙyala dariya. Da kansa ya kwanta, a hankali, yana kare gwiwa. Ticha ya durƙusa, ya bugi siminti.

"Ɗaya!"

Dariyar na nan a fuskarsa.

"Biyu!"

Ticha ya ɗaga hannu sama, yana jiran kafaɗa kamar kullum. Kafaɗa ba ta tashi ba. Hannun ya tsaya a sama. Bai fi a ja numfashi a sauke ba, sai muryar Ticha ta fito, siririya, ba irin ta wasa ba.

"Guduma?"

Kafin ya rufe baki Mai Aski ya diro daga kujera. Benci ya kife. Wani ya tallafi kan Guduma ya ɗora a cinya, wani na ɓalle masa maɓalli, mai agogo ya fita titi a guje yana ihun a tsayar da mota. Ticha na riƙe da hannunsa yana kiran sunan Allah a kunnensa. Suka ɗauke shi gaba ɗayansu, Mai Aski na cewa, "A hankali da gwiwarsa, a hankali da gwiwarsa." Sai shago ya zama wayam. Silifa ɗaya a ƙasa, talabijin na ta murna shi kaɗai.

Mai Aski ya miƙa hannu ya kashe wayar. Ya juya ga bango, kafaɗunsa na girgiza. Ticha ya zube a gabanta.

"Ni na ƙirga masa, Maman Auta. Da hannun nan. Da na duba fuskarsa tun a ɗaya..."

"Da ka ga me? Dariya yake."

Ta daɗe tana kuka, irin wanda ba ta samu ta yi ba tun ranar. Amma ba mai ɗaci ba ne. Bai kira kowa an ƙyale shi ba. Bai miƙa hannu ba. Ya tafi bakinsa da dariya, gwaninsa ya ci, kansa a cinyar aboki, kuma sunan da ya raɗa mata na cikin maganarsa ta ƙarshe. Mutum nawa ke samun haka? Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa.

Da ta share fuska, ta dubi Ticha.

"Tashi, kana ɓata wandonka. Kai dai alƙalin banza ne. Mutum na kwance, ka kasa kai uku."

Ya ɗago, bai san ko ya yi dariya ba.

"Ni ma haka nake," ta ce. "Ban taɓa kaiwa ba. Na gode da ba ka sauke hannun nan ba. Na gode muku duka. Ku yafe mini shinkafarku da na mayar."

"Tana nan, matarmu," in ji Mai Aski, murya a dishe. "Ba wanda ya iya ci."

"To a kawo. Famfo kuma wa ya gyara?"

Ticha ya mayar da tabarau. Ta miƙe, ta je kusurwa, ta yaye ƙyallen da ke kan talabijin, ƙura ta tashi.

"Tsohon nan, har yanzu bel ɗin na hannunsa?"

"Ba mu sani ba. Tun ranar ba mu kunna ba."

"Ku ji shirme. Mutum ya sha wuya ya ci abinsa, ba mai taya shi tsaro? Ku kunna. Kuma ku tura wa Direba hotonsa, nasa ne."

Ba ta zama 'yar kallo ba. Har yau in an tambaye ta, cewa take ƙarya ce zalla. Amma duk bayan babban wasa sukan zo ƙofar gida su ba ta labari, tana kan keke tana ji. Mai Aski ne ke kwaikwayon faɗuwar, bai iya ba ko kaɗan, kamar buhu yake zubewa. Tsoho ya rasa bel ɗin daga baya, Ɗan Gayu ya karɓe abinsa da ha'inci. Ranar ta yi tsaki har zare ya tsinke. Ticha ya ce kada ta damu, an ce zai dawo.

Ta kwashe yaduddukan daga gefen gadon. Auta ta sa mata hoton a wayarta, amma ba ta cika buɗewa ba, ta riga ta haddace. Da safe dai, in ta farka, kafin ta sauko da ƙafa, takan miƙa hannu gefensa ta bugi katifa. Ɗaya. Biyu. Sai ta bar hannun a sama kaɗan, sannan ta tashi ta ɗora ruwa.